Shawul ɗin Maman Glory

Litinin, 11 ga Nuwamba 1991, bayan azahar

Yau kwananmu tara a Abuja, har yanzu ban ga birnin da ake cika mana kunne da shi a rediyo ba. Nyanya na gani: gidaje iri ɗaya a jere, tankar ruwa mai zuwa ran da ta ga dama, da motocin ma'aikata da ke kwashe mazan unguwa tun da sassafe su bar mu da kaji. Wannan littafin na ofishin mijina ne, Malam Datti. Na ɗauke shi saboda ba ni da wanda zan yi wa magana.

Ga yadda aka yi mana. A Legas aka ba Malam takarda cewa ma'aikatarsu ta tashi ta koma Abuja, ga lambar gidansa, ɗaki biyu da falo. Muka yi kwana biyu a hanya da motar kaya, muka iso muka tarar da labule a taga da tukunya a kan wuta. Ashe gida ɗaya aka rubuta wa mutum biyu. Matar da ke ciki sunanta Magdalene, ana ce mata Maman Glory, mai buga tafireta ce a ma'aikatar su Malam. Mutuniyar Filato ce, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana karatu a Jos. Shekararta huɗu a nan, tun wurin yana daji.

Kwamitin rabon gidaje ya ce mu yi haƙuri mu zauna tare, bayan sabuwar shekara za su faɗi mai fita. Ita ɗaki ɗaya, mu ɗaki ɗaya da kayan shekara takwas a jibge har rufi. Shi ya sa 'ya'yana, Yusra da Zaituna, suke Zariya wurin Inna. Malam ya ce ba zai kawo yara gidan da bai san ko nasa ne ba. Ya kuma ce in ƙa'ida za a bi ita za a bar wa, don ta girme shi a aiki, kuma ta riga shi zuwa.

Ɗakinta ya fi namu girma. Na leƙa.

Laraba, 13 ga Nuwamba, la'asar

Mutuniyar tawa tana dawowa ƙarfe huɗu, ta yi wanka ta zauna a baranda da saƙa. Ba irin ta kwarashi da muka sani ba ce. Wannan da dogayen tsinke biyu ake yi, abin yana fitowa da huji-huji kamar leshi. Ko kallon hannunta ba ta yi, ido yana can kan titi, baki yana ƙirga.

Ta ce, "Barira, zo ka zauna in koya maka. Zaman banza yana kawo tunani."

Kowa "ka" ne a bakinta, har kazar maƙwabta. Na ce na gode Anti, ina da aiki. Aikin da nake da shi kuwa shi ne in koma ɗaki in zauna a kan akwati.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, la'asar

Na zauna.

Talata, 19 ga Nuwamba, hantsi

Ashe hujin da gangan ake yin sa. Sai ka zarga zaren a kan tsinke, wannan shi zai zama huji. Amma duk hujin da ka yi sai ka haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya, in ba haka ba saƙar ta yi ta faɗi. Zarga, haɗa biyu, saƙa uku. Zarga, haɗa biyu, saƙa uku. Jiya ina wanke shinkafa na ji bakina yana faɗar haka.

Ta ɗora mini ƙulli talatin ta ce in yi layi ashirin. Na yi kwana biyu a kai, wuyana ya ƙage, na kawo mata ina jiran yabo. Ta karɓa ta bi da babban yatsa, ko sunkuyawa ba ta yi ba, ta ce arba'in da ɗaya ne yanzu, kuma ɓarnar tun layi na biyar ta fara. Kafin in buɗe baki ta zare tsinken ta ja zaren. Aikin kwana biyu ya koma taliya a cinyarta.

"Saƙa ba ta yafe ƙarya," in ji ta, tana dariya. "Ka sake."

Na tsane ta sosai a lokacin. Na sake.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau na yi layi goma sha biyu ba kuskure. Samfurin da take koya mini ta sa masa suna ganyen rogo, kuma wallahi ya fara kama da ganye. Na nuna wa Malam, ya ce to, madalla, akwai sauran miya?

Tana da wani tsohon littafin saƙa na Turawa, duk ya sha salatif. Ba ta taɓa karanta shi a gabana ba. Ni take miƙo wa in karanta mata, wai don in iya. Na yi sakandare, ba abin wahala ba ne, amma malamar da ɗaliba ke karanta wa darasi ban taɓa ganin irinta ba.

Ba ta da mugunta, wannan shi ne abin haushin. Ta ba ni kantar sama a kicin, ta ba ni bokitinta biyu ran da tanka ta zo. Da azzaluma ce da na fi samun barci.

Talata, 26 ga Nuwamba, la'asar

Yanzu na san farin abin da take saƙawa. Shawul ne na jariri. Matar Oga Philip ta kusa haihuwa, shi kuma Oga Philip shi ne shugaban kwamitin rabon gidaje. Ta ce ai duk wanda aka yi wa haihuwa a ofis tana saƙa masa, wannan shi ne na tara. To, ta yiwu. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Na gaya wa Malam. Ya ce mu kuma me za mu kai? Na ce mu kai masa akwatunanmu ya zauna a kai ya ji yadda ake ji.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, hantsi

Direban da ke zuwa Zariya ya kawo wasiƙar Inna. Kowa lafiya. Haƙorin Yusra ya faɗi. Zaituna ta daina tambayata, Inna ta ce alhamdu lillahi hankalinta ya kwanta, yanzu da an ce ina mama sai ta nuna matar Yaya.

Shekararta uku. Na karanta wurin sau huɗu.

Ban yi saƙa ba yau.

Litinin, 2 ga Disamba, la'asar

Ita ce ta koya mini cewa in za ka yi babban aiki ka sayi zarenka duka a rana ɗaya, a shago ɗaya, don ko launi ɗaya ne, na yau ba ya zama daidai da na gobe. Sai ga shi ita da kanta ta karya dokar. Dunƙule goma sha biyu shawul ɗin zai ci, shida ta samu lokacin da ta fara, ta ce sauran sa zo. Tana kan na huɗu, saura biyu. Ta roƙe ni in je mata kasuwar Wuse ranar Laraba tunda ita tana ofis. Ta yanko mini guntun zaren in je da shi.

Na ce to. Dama ina son in ga garin.

Laraba, 4 ga Disamba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ƙari.

Mai shagon zaren wani Bakano ne, Kure ake ce masa. Ya duba guntun ya ce irin wannan fari tas ɗin ya ƙare, sai bayan Kirsimeti. Ya ɗauko mini wani, kamfani ɗaya, amma ruwan madara, ya ɗan ja zuwa rawaya. Na ce ba iri ɗaya ba ne. Ya ce, "Hajiya, ki kai mata ta gani, in bai yi ba ki dawo da shi, ba faɗa." Na karɓi shida. Allah shi ne shaidata, da niyyar in gaya mata na taho.

Ta dawo, na zazzage su a kan tabarma kusa da nata biyun. Ko yaron goye zai ga bambanci. Na buɗe baki ke nan sai ta ɗauki ɗaya ta ɗaga shi saitin taga, ta ɗauki nata ta haɗa su, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Yauwa, ka samu daidai. God bless you, ƙanwata."

Na dube ta. Ba wasa take yi ba.

Sai komai ya faɗo mini lokaci ɗaya. Littafin da ba ta karantawa. Yatsan da take sawa a bakin kofi in tana zuba shayi. Ran da ta gaida rigar Malam da ke rataye a igiya, muka yi dariya ta ce tunani ne ya yi mata yawa.

Ni ban ce komai ba.

Alhamis, 5 ga Disamba, hantsi

Na tambayi Malam yadda take aiki a ofis. Ya ce duk ɗakin buga takardu ba mai saurinta, ba ta ko kallon injin. Ya ce wata Mabel ce ke zama kusa da ita, kullum kai a haɗe, Mabel tana karanto mata rubutun hannun manya ita tana bugawa, wai haka ya fi sauri. Ya ce me ya sa kika tambaya? Na ce hira ce.

Asabar, 7 ga Disamba, la'asar

Aikina ne in kwance zare in naɗe shi dunƙule in sa a kwando, in nata ya ƙare in miƙa mata wani. Yau nata ya ƙare. Akwai fari biyu a kwandon, akwai ruwan madara shida. Hannuna ya ɗauko abin da ya ɗauko.

Ta ƙulla ta ci gaba. Ta yi layi uku sai ta tsaya tana murza zaren tsakanin yatsunta. Ta ce, "Barira, wannan kamar ya fi kauri kaɗan. Ka duba mini, iri ɗaya ne?"

Na duba. Na ce iri ɗaya ne, Anti.

Ta ce to sanyi ne ya sa hannunta ya bushe. Ta shafa man kaɗanya ta ci gaba.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan azahar

Ta tafi coci. Na shiga ɗakinta na auna da taku. Katifa biyu za su shiga, har da wurin teburin karatun Yusra.

Talata, 10 ga Disamba, la'asar

Yau fari na miƙa mata.

Alhamis, 12 ga Disamba, bayan la'asar

Yau aka ce gwamnati ta tare gaba ɗaya. Tun asuba aka kwashe maza a motoci aka kai su ƙofar gari su yi tafi, Malam ya sa babbar rigarsa ta salla. Unguwa ta yi tsit, sai rediyon maƙwabta yana ta kiɗan soja. Ita ba ta je ba, ta ce ta yi nata tafin tun shekara huɗu da suka wuce, lokacin da maciji ke kwana a ƙarƙashin teburinta.

Muka wuni a baranda. Ta ba ni labarin mijinta, direban jirgin ƙasa ne. Ta ce saura wata goma sha huɗu ta cika shekarun fansho, in ta cika za ta koma gida ta yi kiwon kaji, Glory ta gama makaranta. "Wata goma sha huɗu kawai nake roƙon Allah," in ji ta. Ban tambaye ta me ya sa take roƙo ba.

Sai ta ce wai ta yi tunani. Za ta gaya wa kwamiti a bar mu tare haka nan, mu kawo yaran su riƙa kwana a ɗakinta, ita ba ta damu da fitsarin kwance ba, ta yi renon Glory. Ta faɗa tana murmushi kamar ta ba ni kujerar Makka.

'Ya'yana, a ɗakin wata, a kan alfarma. Su tashi su ga hoton wani mutum da hular jirgin ƙasa a bango. Ran da ranta ya ɓaci kuma ta ce a kwashe su. Ni ba ɗakin aro na baro Legas in nema ba. Na ce mata Allah ya saka, za mu yi shawara.

Kafin la'asar farin ya ƙare, na miƙa mata na gaba. Ta sake tsayawa, ta sake murzawa. Wannan karon ta juyo da fuskarta sosai ta ce, "Ƙanwata, ka tabbata? Hannuna yana gaya mini wani abu."

Na ce Anti, ga shi a gabana ina gani, fari ne tas.

Ta ce to shi ke nan, ido ya fi hannu.

Asabar, 14 ga Disamba, hantsi

Matar Oga ta haihu, namiji. Za a je barka ranar Asabar mai zuwa.

Tawa saƙar tana tafiya. Mayafi nake yi wa Zaituna, shuɗi, da ganyen rogo. Maman Glory ta shafa ta ce kwanan nan hannuna ya yi tsauri, ina jan zare kamar mai ɗaure akuya. Ta ce mai saƙa ba ta iya ɓoye ranta. Na ce kewar yara ce, kuma ba ƙarya na yi ba.

Laraba, 18 ga Disamba, la'asar

Ta gama jiya kafin ta tafi ofis. Irin wannan saƙa sai an wanke ta, a shimfiɗa a ja gefe-gefe a kafe da allurai, sannan hujin yake buɗewa. Ta so a shanya a baranda. Na ce yaran unguwa za su taɓa, ta bar mini in yi a falo tana ofis.

Na shimfiɗa shi a kan tabarma na tsaya a kansa. Ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba, ba ƙulli ɗaya da ya kauce. Kuma ga su nan, fari, madara, fari, madara, fari, madara mai faɗi har ƙarshe, wani ya fi wani, ba tsari, wani ma a tsakiyar layi ya canja. Ba wanda zai ce da gangan aka yi.

Da ya bushe na ninke shi na naɗe a takardar kyauta na ɗaure da ribon. Da yamma Mabel ta rako ta gida, wata siririya mai tabarau, ta ce a nuna mata. Na ce ai na riga na naɗe, in aka kwance takardar za ta yage. Maman Glory ta ce, "Ka bari sai Asabar, Mabel. Ƙanwata ta sha wahala."

Asabar, 21 ga Disamba, bayan la'asar

Mun je Garki barka, mun dawo. An ci shinkafa da kaza. Yaron yana da gashi.

Ni ban ce komai ba.

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan azahar

Ba ta je coci ba. Ƙofarta a rufe.

Litinin, 23 ga Disamba, hantsi

Ga abin da ya faru ranar Asabar. Falon Oga Philip ya kai gidanmu duka. Matan ofis da matan ma'aikata mun fi ashirin, shi yana tsaye bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa. Aka zo kan kyaututtuka. Madam Elizabeth, mai jegon, ta ce a fara da na Mama Glory, don tun tana da ciki take jiran sa. Ta kwance ta warware shi a kan gwiwarta.

Kowa ya zuba wa shawul ɗin ido. Madam mace ce mai kirki, ta ce, "Kai, Mama Glory, ya yi kyau. Har kala biyu kika yi mana wannan karon."

Da Maman Glory ta yi shiru da ta tsira. Mabel ma ta fara cewa ai sabon yayi ne. Amma Maman Glory ta yi dariya ta ce, "Wane kala biyu, Madam? Fari ne zalla. Ni ba na haɗa kala a kayan baby, kowa ya sani."

Madam ta dubi shawul, ta dube ta. Wata ta yi tari. Mabel ta sunkuyar da kai. Oga Philip ya tako ya karɓa, ya riƙe shi a gabanta, nisan hannu, ya ce, "Magdalene, wannan duk fari ne?" Ta ce yes sir. Amma muryarta ta riga ta sauka, ta gane akwai abin da kowa ke gani ban da ita. Ta juyo tana nemana a cikin mutane, ta tsayar da ido a kan wata mai irin mayafina.



Laraba, 25 ga Disamba, bayan azahar

Kirsimeti. Ta dafa shinkafa ta zuba mana a kwano ta ajiye a kantar sama kamar yadda ta yi alkawari tun farkon wata. Malam ya cinye. Glory ba ta zo ba, uwar ta aika mata kada ta zo.

Alhamis, 26 ga Disamba, hantsi

To. Na ce abu ɗaya.

Lokacin da ta ce yes sir, Oga ya yi kamar zai bar maganar, har ya fara ninke shawul ɗin. Madam ta ce ƙila hasken ɗaki ne. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ni ma na ɗauka tana gani, ranka ya daɗe, a gabanta aka zube zaren." A hankali na faɗa, da ladabi. Kowa ya ji.

Ba ƙarya ba ce. A gabanta aka zube shi.

Litinin, 30 ga Disamba, la'asar

Malam ya ce Oga ya kira ta ofishinsa ita kaɗai, ya ba ta rubutun hannunsa ya ce ta buga a gabansa. Ta zauna da takardar minti goma. An ba ta wasiƙar zuwa asibiti. An kuma ba Mabel takardar gargaɗi.

Malam bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi abin da ya sani ba. Ya sayo mini balangu a tasha, abin da bai yi ba tun Legas. Ya ce komai nufin Allah ne. Na ce haka ne.

Alhamis, 2 ga Janairu 1992, bayan azahar

Na haɗu da Mabel a wurin tanka. Ta ajiye bokiti ta ce, "Ke kika sayo zaren." Na ce ni aka aika. Ta ce, "Shekara biyu ina karanta mata. Shekara biyu ba wanda ya sani." Na ce to ai kin ga ke kika san da maganar, ni baƙuwa ce. Ta kalle ni har na ji kunya ta kama ni, sai na tuna ba ita ta bar 'ya'yanta a Zariya ba. So duk so ne, amma son kai ya fi. Na cika bokitina na wuce.

Talata, 7 ga Janairu, la'asar

Har yanzu tana gaishe ni da safe. Ina amsawa. Ta daina zama a baranda, ta kuma daina ɓoyewa, yanzu da bango take bi zuwa kicin.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan la'asar

Takardu biyu suka fito rana ɗaya. Tata ta sallama, saboda rashin lafiya. Tamu ta gida.

Na ji daɗi. Ba zan yi wa littafi ƙarya ba, na ji daɗi har na yi sujada. Sannan na zuba tuwo na kasa ci.

Laraba, 15 ga Janairu, hantsi

Mayafin Zaituna ya kai tsawon da nake so tun shekaranjiya. Sai na ga ban san yadda ake cire shi daga tsinke ba. Duk abin da na saƙa a baya warwarewa aka yi, ba mu taɓa kaiwa ƙarshe ba. Littafin Turawan yana cikin kayan Maman Glory, ta ɗaure. Na gwada da kaina, ƙulli shida suka zube.

Asabar za ta tafi.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan azahar

Ƙanenta ya zo da a-kori-kura tun da safe. Kayan shekara huɗu ba su cika rabin motar ba. Tana zaune a kan ƙullin kayanta na ƙarshe a falo, na fito da mayafin. Na san abin da mutane za su ce, amma wa zan tambaya in ta tafi? Na ce Anti, ba ki koya mini rufewa ba.

Ta miƙo hannu. Sai ta ce, "Kawo."

Ta laluba ta kamo ƙullin shidan da suka zube, ɗaya bayan ɗaya, ta mayar. Ta ce in durƙusa a gabanta. Ta ɗora hannuwanta a kan nawa. Saƙa biyu, ɗaga na farko ka tsallakar da shi kan na biyu, saƙa ɗaya, ka sake tsallakarwa. Ta ce in sassauta, in na ja da ƙarfi bakin zai tattare. Muka yi tare har ƙulli ɗaya ya rage, ta ciji zaren ta zura ta ja.

Ba ta saki hannuna ba. Ta ce, "Shekara talatin hannun nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ya gaya mini sau biyu. Na ƙaryata shi saboda kai."

Na ce Allah ya kiyaye hanya, Anti.

Ƙanen ya yi hon. Ta miƙe ta fita baranda, rana ta haske mata fuska, ta tsaya tana kwance mukulli daga bakin zaninta. Ni kuwa na ɗan matsa gefe in ɗauki tsintsiya, ba ta ji ba. Ta miƙa mukullin inda take zaton ina tsaye, saitin ginshiƙin baranda, ta ce, "Ga shi, ƙanwata. Na ɗakin yana ɗan cijewa, sai ka ɗaga ƙofar."

Na tsaya ina kallonta, hannu a miƙe ga ginshiƙi. Maƙwabta suna leƙe ta taga. Ban san me ya sa na bar ta ta daɗe haka ba. Sai da hannun ya fara sauka na tako na karɓa.

Na share ɗakin na wanke da omo. Ƙofar tana cijewa, sai an ɗaga.